Kafin ka zuba dala a manhajar rage nauyin meshi, tsaya mu yi lissafi

Ran nan wani ƙanina da ke koyon zane a kwamfuta ya turo min fayil, wai ya yi sikanin 3D (ɗaukar siffar abu zuwa kwamfuta) na murfin wani ƙaramin injin ban ruwa da ya tsage yana so a ƙera masa sabo, fayil ɗin ya kusa MB 200, kuma da ya buɗe sai laftof ɗinsa ta tsaya cak fanka na ta ihu. Tambayarsa ɗaya ce, "Yaya, wace manhaja zan saya?" Nace masa saya kuma? Fara gaya min inda za ka kai abin, firintar 3D ko injin CNC mai sassaƙa abu da umarnin kwamfuta, ko gyara kake son yi masa.

Ga dalilin tambayar. Duk siffar da kwamfuta ta haɗa da kanta, ko daga sikanin ne ko daga irin manhajojin nan da kake ba su nauyin da abu zai ɗauka su zaftare naman da bai da amfani su bar maka wani abu kamar ƙashi ko saiwar bishiya, yawanci meshi take fitowa, wato raga ce ta ƙananan alwatika jingim. Fayil ɗin STL, wanda a cikinsa ake ajiye irin wannan raga, in na binari ne baiti 50 yake ci a kan kowace alwatika, kaga na ƙanina alwatika wajen miliyan 4 kenan. Kuma ramin noti da kake gani zagayayye, a wajen kwamfuta ba rami bane, tarin alwatika ne da suka jeru, babu inda za ka danna kace faɗinsa ya koma milimita 8. To aiki biyu ne mutane ke cuɗawa: rage yawan alwatikan daban, mayar da abin jikin CAD na gaske, wato zanen injiniya da ake iya canza awonsa, mai fita a fayil ɗin STEP daban. Na farko kyauta ake yinsa, na biyun shi ke cin kuɗi.

In firinta za ka kai, wallahi ka riƙe kuɗinka. Bakin firintar da aka fi amfani da ita milimita 0.4 ne, yawancin ƙyale-ƙyalen da bai kai haka ba ko ka barshi ba zai fito ba, to me za ka yi da alwatika miliyan 4. MeshLab kyauta ce, 'yan wata cibiyar bincike a Pisa ta Italiya ke yinta, akwai Quadric Edge Collapse Decimation a ciki, dabarar da Michael Garland da Paul Heckbert suka fitar tun 1997, tana share alwatika sosai a inda wuri yake shimfiɗe ta tausaya wa gefuna da lungu. Fuskarta dai ba kyau, menu kamar kasuwar 'yan gwanjo, amma tana ɗaukar fayil mai nauyi. Blender ma kyauta, Decimate ɗinta kana jan lamba kana ganin abin na canzawa a gabanka, wanda ni shi na fi so a wajenta. Meshmixer har yanzu wasu na rantsuwa da ita saboda toshe ɓaraka, sai dai Autodesk, kamfanin da ke da ita, ta daina sabunta ta. Ko PrusaSlicer, mai shirya wa firinta fayil, ma akwai wajen sauƙaƙa siffa a ciki, wani lokacin shi kaɗai ya isa.

Abu ɗaya kar ka manta, STL bai san milimita ko inci ba, lamba ce kawai a ciki, in abu ya buɗe ka ganshi ɗan mitsitsi ko ƙato to ka nemi 25.4 a lissafin, don inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Inda maganar ke tsawo shine in mai injin CNC yace STEP yake so, ko kai kanka kana son matsar da rami ko ƙara kauri.

FreeCAD kyauta ce, sigar 1.0 ta fito a Nuwamban 2024, kuma eh tana mayar da meshi cikakken jiki na CAD (solid) har ka fitar da STEP, amma fa kowace alwatika sai ta zama fuska guda, wato sunan STEP ne kawai, rigar ce aka canza mutumin na nan. Ka kai wa mai inji irin wannan zai dubeka ya dubi fayil ɗin. Tana iya haɗe fuskokin da suke a shimfiɗe, lanƙwasa kuwa sai haƙuri.

Fusion ta Autodesk ta fi wayo a nan. Convert Mesh ɗinta hanya uku ce: Faceted irin na FreeCAD ne, Prismatic tana gane cewa nan shimfiɗa ce nan silinda ce ta mayar da su yadda ya kamata, Organic kuma na siffofi masu lanƙwashe-lanƙwashe. Tarkon shine lasisin kyauta na masu yi don sha'awa bai ƙunshi Prismatic ba, Organic kuma sai ka ƙara wani biyan a kan lasisin. Biyan nan kuma ba ya ƙarewa, wata-wata ko shekara-shekara da dala, ga ta da son intanet, mai fama da data da katin banki da ke ƙin wucewa ya sa wannan a lissafi. Amma ga kayan inji masu ramuka da kusurwa tana rage aiki ƙwarai, in dai meshin mai tsabta ne.

Rhino kuwa ita nake nuna wa masu siffa irin ta ƙashi, kwalliya, zobe, gindin takalmi. Daga Rhino 7 ta 2020 akwai QuadRemesh, tana sake saƙa ragar da masu kusurwa huɗu a jere, ka mayar SubD, wato siffa mai santsi, ka ja ka matsa kamar mai ginin tukunya, sannan ka mayar NURBS, irin lanƙwasar da CAD ke aiki da ita, ka fitar da STEP. Rhino 8 ta ƙaro ShrinkWrap mai lulluɓe meshi mai ɓaraka da sabuwar fata. Kuɗinta dala 995, ɗalibi 195, biya ɗaya ta zama taka, kuma suna ba da kwana 90 na gwaji, to ka gwada da fayil ɗinka na gaske kafin ka ciro ko sisi. Aibinta, santsin nan na cinye kaifin gefe, ramin noti sai ya ɗan karkace, dole ka toshe shi ka sake huda shi da awo daidai.

Geomagic Design X ita ce ta manyan masu sikanin masana'anta, kuɗinta dubban daloli, in ba aikinka kenan kullum ba wuce kawai.

Shi ƙanin nawa da muka duba murfin nan da kyau, faranti ne da ramuka shida da ɗan tudu a tsakiya, babu wata lanƙwasa ta a zo a gani. Nace ya rage meshin a MeshLab ya koma alwatika dubu 50 don laftof ta samu numfashi, ya jawo shi FreeCAD ya ajiye a matsayin abin kwaikwayo, ya ari kalifa (caliper, ma'aunin faɗi da kauri) ya auna ramukan a jikin tsohon murfin tunda sikanin ya ɗan ci gefensu, sannan ya zana sabo a kai. Tsakanin la'asar da isha'i ya gama har da ɗauke wuta sau ɗaya, washegari ya tura wa mai injin STEP ɗin ta WhatsApp.