Tsohon Peugeot ko tsohon Raleigh: wanne za ka ɗauka?

Malam, ka ce ka ga kekunan tsere biyu na shekarun 1970 a wurin 'yan gwanjo, Peugeot da Raleigh, kuɗinsu kusan ɗaya, kana tambayar wanda zai fi sauƙin tayarwa a gida. Kada fenti ya ruɗe ka. Abin da zai ba ka wahala zaren noti ne.

Peugeot na wancan zamanin da ma'aunin Faransa aka ƙera shi. Kofunan da ke riƙe boris a ƙasan firam, inda sandar feda ke juyawa, milimita 35 ne, kuma duka biyun dama ake ɗaure su, shi ya sa na ɓangaren sarƙa kan kwance da kansa. Na kasuwa ba za su shiga ba. In ka tilasta, ka kashe firam. Wuyan kan keken milimita 22.0 ne, na yau 22.2, sai ka goge sabon da sanfefa kafin ya zauna. Ga giyar Simplex mai roba, wadda in ta tsufa sai ta tsage. Birkinsa na Mafac kam ba laifi, sabon takalmin birki kawai yake so.

Shi ma Raleigh ba a banza ya bar mutum ba. Waɗanda aka yi a Nottingham zare 26 gare su a inci ɗaya, alhali sauran kekunan Ingila 24 ne. Masu tsada da suka fito daga masana'antar Raleigh ta garin Worksop su ne ke bin 24, kayan yanzu na shigarsu lafiya lau. In ka ga takardar Reynolds 531 a jikin firam, alamar bututun ƙarfe mai inganci, ka yi dace.

Ni dai Raleigh zan ɗauka, ko don tsofaffin masu gyaran keke a nan sun san shi ciki da bai. Amma kafin ka biya, kwance notin sirdi ka ja. In sandar ta alminiyam ce ta manne da ƙarfe, aikin sati ne, wani lokacin ma sai zarto. Duba taya kuma: wilin inci 27 da na 700C ba ɗaya ba ne, faɗinsu milimita 630 ne da 622, in ka sauya wili sai birki ya sauko milimita 4.

Duk wanda ka ɗauka, kada ka yar da tsohon kofi ko noti ko ɗaya. Jiƙa su a kananzir, ka sa sabbin boris da giris, ka mayar da su.