Hattara da masu sayar da "littafin maganin sankara" da ƙwayoyin B17

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya faru a gidanmu ne ya sa na rubuta wannan, don kada wani gida ya faɗa ramin da muka faɗa.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta ji ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi tsoka aka kai gwaji, sakamako ya nuna sankarar mama ce. Likita ya ce an gano da wuri, a yi tiyata sannan a bi da allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Tana jin za a taɓa mata mama kuma gashin kanta zai zube, sai ta janyo mayafi ta rufe fuska ta ce a mai da ita gida ta yi shawara. Ban ga laifinta ba, wace mace ce za ta ji wannan hankalinta bai tashi ba?

A makon ne ɗanta ya ga talla a Facebook. Wani ne sanye da farar rigar likitoci, yana kiran kansa Dokta, yana cewa likitocin Turai sun daɗe da gano maganin ciwon daji, kamfanonin magani ne suka ɓoye don kada cinikinsu ya mutu. Ya ce a bi shi WhatsApp. Can ya fara sayar mana da littafin da ake karantawa a waya a kan naira dubu biyar, sannan ya ce maganin wata guda dubu tamanin da biyar ne. Littafin nan shi ne tarkon. Da Turanci yake, an manna masa tambarin asibitin Johns Hopkins na Amurka, ga hotunan ƙwayoyin halitta, ga dogon jerin sunayen mujallun likitanci a ƙarshe. Da boka ne ya zo da laya da tuni mun kore shi. Amma wannan ya zo da kamannin ilimi, har mu da muka yi boko a gidan muka gyaɗa kai.

Kwalbar da ya aiko fara ce, an rubuta "Vitamin B17" a jiki. Kwana uku da fara sha, Goggo ta soma jiri da ciwon kai da tashin zuciya. Ina zaune a bakin gadonta aka kira shi aka sa a bayyane, na ji da kunnena yana cewa: "Hajiya, ki yi haƙuri, cutar ce ke fita. Kada ki yarda su yanka ki, ƙarfe na taɓa ta za ta bazu." Ta ce masa Allah ya saka da alheri.

Sai daga baya na kai littafin wurin wata ƙawata mai harhaɗa magunguna, muka zauna muna bin manazartar ɗaya bayan ɗaya. Farko dai babu wani bitamin mai suna B17. Sinadari ne da ake kira amigdalin, ana samunsa a cikin ƙwallon 'ya'yan itacen afirikot, wanda aka sarrafa kuma ana ce masa Laetrile. Wani Ba'amurke mai suna Ernst Krebs ƙarami ne ya laƙaba masa sunan bitamin, alhali jiki ba ya bukatarsa. Idan ya shiga ciki yana sakin gubar sayanaid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, wadda ta sa iyayenmu ke jiƙa shi su shanya kafin a ci. Jirin nan da Goggo take yi, da aka ce mata cuta ce ke fita, alamar gubar ce.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, littafin ya kafa hujja da binciken asibitin Mayo na Amurka, ya ce an gwada maganin a kan mutane. E, an gwada. Dokta Charles Moertel ne ya jagoranci aikin, aka buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a 1982. Marasa lafiya 178 aka bai wa. Ba a ga ya warkar ba, bai tsayar da cutar ba, bai rage raɗaɗi ba, bai ƙara wa kowa kwana ba, wasu kuma gubar da ke jininsu ta kusa kai matakin kisa. Wato sunan binciken gaskiya ne, amma an juya sakamakonsa baibai, saboda sun san ba mai buɗewa ya duba. Masanan Cochrane, wata ƙungiyar duniya mai tantance binciken likitanci, sun sake tace duk abin da aka rubuta a kansa a 2015, ba su sami wata hujja ingantacciya ta amfaninsa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta taɓa amincewa da shi ba. Shi kuwa asibitin Johns Hopkins, tun shekaru da dama ya fito fili ya nesanta kansa da irin saƙonnin sankara da ake yaɗawa da sunansa.

Kuɗin da muka rasa ba shi ne babbar asara ba. Wata biyar muka ɓata. Masu bincike na jami'ar Yale sun wallafa a 2018 cewa masu sankarar da ba ta riga ta bazu ba, idan suka bar maganin asibiti suka dogara ga irin waɗannan hanyoyi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa ya haura ninki biyar. Da muka koma asibiti ƙullutun ya kai ƙwan kaza, ga kaluluwa ta fito a hammata. Likita ya daɗe yana duban takardunta kafin ya tambaye mu ina muka shiga. Ba wanda ya iya ɗaga kai.

Don Allah, duk wanda ya ce muku magani ɗaya na warkar da kowace irin sankara, ku bar wurinsa, don ta mama daban, ta bakin mahaifa daban, ta jini daban, kowacce da yadda ake tunkararta. Wanda ya hana ku tiyata ko kemo ko gashin ciwon da na'urar asibiti, alhali bai taɓa ganin majinyacin ba, ku kashe wayar. Kada kuma lambar NAFDAC ta ruɗe ku: a kan magungunan gargajiya akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba, wasu ma lambar ta jabu ce. Idan an turo muku littafi ko takarda, ku kai wa likitan da ke duba majinyacin ya karanta kafin ku biya ko kwabo. Idan kuna shakkar maganar likita ɗaya, ku nemi ta wani a asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya, ko na Aminu Kano, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, mu ma muna yi har gobe.

Ranar da muka nemi ya dawo da kuɗinmu ya toshe lambobinmu duka. Shekaranjiya na sake ganin tallar, rigar nan ce, muryar nan ce, suna kawai ya canja. Na kai rahoton shafin, ku ma idan kun gani ku kai, ku sanar da ofishin NAFDAC mafi kusa. Goggo ta yi allura uku, ranar Talata za mu koma ta huɗu. Ku sa ta a addu'a.