Sayen Tsohuwar Mota a Gwanjo: Wacce Ce Ta Ci Kuɗinta?

A watan Mayun 2022 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sallama Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135 a Stuttgart ta ƙasar Jamus. Guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa. Irin wannan labari ne ke sa mutum ya ɗauka duk tsohuwar motar da ta sha fenti dukiya ce. Amma motoci biyu ƙira ɗaya, shekara ɗaya, kan shiga gwanjo rana ɗaya, wannan ta ninka waccan kuɗi. Bambancin yana ga irin aikin da aka yi mata da kuma shaidar da ke tabbatar da shi.

Akwai motar da hannu bai taɓa ba, da fentinta na kamfani da kujerunta na asali, ko sun koɗe. Manyan masu tara motoci suna rububin irin wannan, domin asali in ya tafi ba ya dawowa. A 2015 kamfanin Artcurial ya sayar da Ferrari 250 GT California Spider ta 1961 a Paris a kan sama da Yuro miliyan 16, bayan ta shekara da shekaru a ajiye ƙarƙashin tarin mujallu, ko gyara ba a yi mata ba. Sai dai wannan gata na motocin da ba su da yawa ne. Motar da aka ƙera dubu ɗari irinta, in ta yi tsatsa, tsatsa ce kawai.

Sai wadda aka kwance har ƙusa ta ƙarshe aka sake haɗawa. Aiki irin wannan kan haura awa 1,000 na ƙwararru, ban da kuɗin kaya, kuma da wuya wanda ya biya ya mayar da kuɗinsa a gwanjo. A nan ribar mai saye take: wani ya sha wahalar, kai ka karɓi motar ƙasa da abin da ta ci. Kamfanin inshora na Hagerty ya kasa lafiyar mota gida huɗu, daga ta 1 mai shiga gasar baje koli zuwa ta 4 mai aibi a fili. Ga wanda zai riƙa hawa, mu mun fi son ta 2 ko ta 3. Ta 1 tsada gare ta, kuma tana fara taka titi darajarta ke fara sauka.

Wadda aka fara gyarawa aka watsar, kayanta a kwalaye, araha ba ta ado. Ƙananan abubuwan da suka ɓace, irin su maƙalai da adon ƙarfe, su suka fi wuyar samu. Ita kuwa wadda aka sa wa injin zamani da burkin zamani, daɗin tuƙi gare ta, amma farashinta yana bin sunan wanda ya yi aikin ne. In ba sananne ba ne, za ka sha wuya ranar sayarwa.

Kowacce ka zaɓa, fara da lambobi. Lambar shasi, ta inji da ta giya su dace da abin da kamfani ya rubuta ranar da motar ta fito. Mercedes na da katin bayanan ƙira, Jaguar na da takardar shaida daga asusunta na tarihi, Ferrari na da sashen Classiche mai tantance tsofaffin motocinta, motocin Ford daga 1967 kuma akwai rahoton Marti mai nuna yadda kowacce ta fito daga kamfani. Canjin inji ko canjin launi duk suna rage kuɗi. Ka nemi rasiɗai da hotunan bodin lokacin da aka kankare shi ya koma ƙarfe zalla. Gyaran da ba shi da hoto, maganar baki ce.

Sannan fenti, inda kyan ɗan maciji yake. Ka zo da na'urar auna kaurin fenti. Na kamfani yawanci bai wuce maikiron 200 ba (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya). In ta nuna 1,000 ko sama, an cike wurin da fila, wato ƙullun da ake rufe lotsawa da shi. Maganaɗisu ma kan tona asiri a bodin ƙarfe, amma ba ya kama alminiyom. A ɗaga motar sama a duba dandamalin ƙasa, gindin ƙofofi, da wurin ajiye safaya. Baƙin shafe mai kauri da aka fesa kwanan nan a ƙarƙashi abin tuhuma ne. A Jaguar E-Type bodin ne ke ɗauke da ƙarfin motar, don haka ruɓewar gefen ƙasa babban aiki ne na walda.

Gyaran da ya shekara goma motar na ajiye shi ma yana da nasa ciwon. Robobin burki da tiyon mai sun bushe, tsohon fetur ya daskare a kabureta. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya: 2314 na nufin mako na 23 a 2014, kuma wannan taya ta gama aiki ko da zanenta bai ci ba. A auna matsin kowace silinda, kada tazararsu ta wuce kashi 10 cikin ɗari.

Lissafin kuɗi kuma ba ya tsayawa inda aka buga guduma. A gwanjon RM Sotheby's na Amurka la'adar mai saye kashi 12 ce a kan Dala 250,000 na farko, kashi 10 a kan abin da ya haura. Motar da aka sallama maka a Dala 100,000 ta zama 112,000, kafin haraji, dako da inshora. Gwanjon intanet irin Bring a Trailer kashi 5 yake karɓa, da iyakar da ba ya wucewa, amma in ba ka tura bakaniken da ka yarda da shi ba, cinikin biri a sama ka yi. A duka biyun mota yadda take ake sayar da ita, babu mayarwa.

Ƙiyasin da gidan gwanjo ya buga talla ce. Abin dubawa shi ne nawa aka sallama irinta, mai lafiya irin tata, cikin shekara guda da ta wuce, da kuma guda nawa suka koma gida saboda tayi bai kai abin da mai su ya gindaya ba. Daga wannan adadi ka cire la'ada da kuɗin gyaran da bakanike ya lissafa, abin da ya rage ka rubuta shi a takarda kafin a fara tayi.