Ɗan jagoran da ya zagaya da mu gidan tarihin Tahrir, ga yadda na gan shi

Jama'a duk wanda zai shiga gidan tarihin Masar da ke dandalin Tahrir a Alƙahira don ganin mutum-mutumin zamanin Fir'aunoni, shawarata ya ɗauki ɗan jagora, kar ya ce zai yi ta bulayi shi kaɗai. Mu ta hannun wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido muka samu namu, kuma gaskiya kuɗinmu bai tafi a banza ba, duk da akwai inda ya ɓata min rai.

Gidan nan tun 1902 aka buɗe shi, kaya ne jibge ta ko'ina, in ba ka da mai nuna maka wallahi sai ka wuce abu mafi daraja ba ka ma san ka wuce shi ba. Bawan Allahn nan bai tsaya ja da mu kan kowane dutse ba, kai tsaye ya kai mu gaban sarki Khafre, wanda ya gina dala ta biyu a Giza. Yana zaune kan kujerar mulki, an sassaƙa shi da wani dutse mai duhu mai tsananin tauri, ya haura shekara 4,500 amma sumul yake kamar jiya aka goge shi. Sai ya ce mu koma ta gefe, ashe akwai shaho a bayan kansa ya buɗe fukafukai ya rungume masa ƙeya, Horus kenan abin bautarsu, in ta gaba ka tsaya sam ba za ka gan shi ba. Ya kuma yi mana bayanin cewa lokacin ba su da kayan aikin baƙin ƙarfe, da duwatsu da tagulla da yashi suka yi ta gurza har ya zama haka.

Amma ni wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Ka-aper, na katako ne, wani malamin addininsu mai ƙiba da ɗan tumbi, ya sa ƙafar hagu gaba yana riƙe da sanda. A Saƙƙara aka tono shi, leburorin da suka fito da shi suka ga ya yi kama da mai garinsu sai suka laƙaba masa Shaihul Balad, sunan ya bi shi har yau. Idanun nan fa! Dutse ne garai-garai aka dasa aka zagaye da tagulla, kana kallonsa yana kallonka. Haka ma mutum-mutumin yarima Rahotep da matarsa Nofret da aka samo a Maidum a 1871, fentinsu yana nan raɗau, shi ja-ja ita fara, har ɗan gashin bakinsa ana gani, ita kuma gashinta na ainihi ya ɗan leƙo ta ƙarƙashin na kanti da ta saka a goshi. Ɗan jagoran ne ya nuna mana wannan da ɗan yatsa, da ban lura ba.

Na san wasu za su ce ai gumaka ne, to ni dai ban je don girmama su ba, kallon izina na je yi, kuma na samu.

Inda na ga laifin ɗan jagoran shi ne sauri. Muna cikin jin daɗi ya fara duba agogo, ashe so yake ya kai mu shagon wani abokinsa mai sayar da 'yan mutum-mutumin kwaikwayo da takardar papiras (irin takardar mutanen Masar na dā), tsada kamar me, aka cinye mana lokaci a can alhali ko rabin benen sama ba mu gani ba. Wannan bai kyautu ba ko kaɗan.

Zan iya sake ɗaukarsa, amma tun kafin a biya kuɗi ku gaya wa kamfanin ƙarara ba kwa son zuwa shago, a rubuta muku awa nawa za a yi a ciki. Kuma ku sani kayan Fir'auna Tutankhamun an mayar da su sabon babban gidan tarihin da ke Giza, shi rana guda daban za ku ware masa.