Mai "maganin wanke sojojin jiki" ya cinye min dubu 85

Wallahi in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dubu 85! Ni da nake sayar da atamfa a kasuwar Terminus ta Jos, na san zafin naira ɗaya.

Kuma kada wanda ya ce min wauta ce. Shekara 2 ina fama da ciwon tayirod, wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, irin ciwon da ake kira Graves. Likita har zana min ya yi a takarda: sojojin jikina ne suka rikice suna kwaikwayon TSH, sinadarin da ke ba tayirod umarni, sai ita kuma ta yi ta zubo nata sinadarin, wato T4, ba birki. Shi ne bugun zuciya, rama, rawar hannu, gumi ko a sanyin Disamban Jos. Carbimazole nake sha, ƙwayar asibiti mai rage wa tayirod gudu.

To mai maganin nan da na haɗu da shi a Facebook, ban nuna masa takardar gwaji ba, ya ce, "Hajiya, TSH ɗinki ya faɗi, T4 ya hau, ko ba haka ba?" Haka ne kuwa! Nan ya gama da ni. Ashe duk mai irin ciwona haka gwajinsa yake fitowa. "Ko ba haka ba?" Har yau muryar tana kunnena.

Dubu 50 na fara turawa. A'a, sai da ya sa na ajiye ƙwayata tukuna, wai tana hana nasa aiki. Sannan 35 na zagaye na biyu. Ya aiko ta tasha, wani koren gari a leda mai ƙarnin kifi, wai kwana 21 zai wanke sojojin tas.

Sati na uku zuciyata kamar za ta fasa ƙirji, maigida ya kwashe ni asibiti cikin dare. Likita ya shinshina ledar ya ce da alama ganyen teku ne, cike da aidin, abin da tayirod ke haɗa sinadarinta da shi. Wato kuɗi na biya aka ƙara wa wuta fetur. Dubu 85, ban da kuɗin gado.

Kafin nan ma ya daina ɗaga waya, yanzu ya yi blokin ɗina. Hotunan hirarmu da rasit duk suna nan, zan ɗora su in ɗana ya dawo makaranta ya rufe min lambar akawun ɗina.

Kada ku ajiye ƙwayar asibiti don wani ya ce. Allah ya isa tsakanina da shi.