Yaya, ga labarin Izmir

Assalamu alaikum Yaya. Ya shago, ya yara? Ki gaida min Mama sosai.

Kin ce in duba miki ko sarin kaya a Izmir zai fi na Istanbul sauƙi. Na je makon jiya, tafiyar awa ɗaya ce a jirgin sama daga Istanbul. Gari ne na bakin teku, na uku a girma a Turkiyya, kuma ya fi Istanbul natsuwa nesa ba kusa ba.

Na fara da dandalin Konak, inda hasumiyar agogo take, wadda aka gina a 1901 lokacin Sarki Abdulhamid na biyu. Daga bayanta kasuwar Kemeralti ta fara. Yaya, wallahi Kurmi na tuna: lunguna a murɗe, masu turare nan, masu zinare can, ƙamshin kayan yaji ko'ina. A tsakiyarta akwai Kizlaragasi Han, masaukin fatake da aka gina a 1744, irin zangon da ayari ke sauke kaya. Yanzu shaguna ne da masu gahawa. Na yi azahar a masallacin Hisar da ke jikinsa, na daɗe zaune ban so tashi ba.

Maganar kaya kuwa, abaya da dogayen riguna na sari ki bar su a Laleli da Merter, unguwannin sari na Istanbul. A Istanbul ne aka saba da mu, ga masu kago a bakin ƙofa. A Izmir sai na yi ta nuni da hannu da kalkuleta, kuma yawanci ɗaiɗai suke sayarwa. Inda suka yi zarra shi ne rigunan amare da na dina. Unguwar Mimar Kemalettin kusan duk su ne, ɗinki mai tsafta, dutse a zaune daram. Masu neman kayan biki a Kwari za su so su, sai dai da yawa ba su da hannu, dole a ce a ƙara. Tawul na garin Denizli ma yana da kauri, ya fi wanda muke samu a gida.

Ana ciniki, amma ba irin namu ba. Da na taya rabin kuɗi, mai shagon ya ɓata rai. Kaɗan suke ragewa, shi ma sai sun ga tsabar kuɗi. Shayi kuwa sai an ba ki ko ba ki saya ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne sufuri. Kati ɗaya ke biyan bas, jirgin ƙasa, taragon cikin gari da jirgin ruwa. Na tsallaka Karshiyaka, unguwar da ke ƙetaren ruwa, da yamma ba rigimar canji, na tuna yadda kike shan rana kina jiran adaidaita sahu da ledojin kaya.

Na sayo wa Mama busasshen ɓaure da zabibi, yankin ne tushensu. Ki turo min awon rigar amaryar da kika ambata kafin Lira ta sake motsi.