Nazaren unguwa ko ta model primary, ga yaro mai sikila

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki, wai yaronki ɗan shekara 4 da rabi yana da sikila, kin rasa inda za ki sa shi tsakanin ajin nazare na firamaren unguwarku da na model primary da sai an hau adaidaita. Allah ya ƙara masa lafiya.

Duka biyun dai na gwamnati ne, ƙarƙashin SUBEB suke, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ajin nan na kafin firamare da ake ce wa ECCDE, a takarda babu kuɗin makaranta amma kin san yunifom da kuɗin PTA da "a zo da tsintsiya da omo" ba sa ƙarewa ko ina kika je.

Model ɗin ta fi kyan gini, wannan ba musu, akwai katanga da maigadi da benci, sau da yawa malaman ma sun fi zama a aji don ido na kansu. Matsalar kowa can yake so, sai ki tarar aji ya cika maƙil. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi yara 25 ga malami ɗaya a wannan matakin, ki je ki ƙirga da idonki ki gani. Sannan ga hanya, yaro mai sikila a bakin adaidaita ƙarfe 7 na safe lokacin hunturu iska na dukansa, sanyi kuwa yana cikin abubuwan da ke tada ciwon, kuma in ya tashi masa da hantsi wa zai ɗauko shi kafin ki samu abin hawa?

Ta unguwa ƙila tabarma ce a ƙasa, taga ba murfi, kayan wasa sai dai murafen kwalba da ake koyon ƙirga da su. Amma hijabi kawai za ki zura ki isa, malamar ma watakila kun saba haɗuwa a gidan suna, kuma wallahi a shekarunsa wannan ya fi benci. Inda ta unguwar take faɗuwa shi ne ruwa da banɗaki, kuma nan ne zancen yake. Mai sikila dole ya yi ta shan ruwa, ga yawan fitsari saboda ƙodarsu ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran yara, to in malama irin mai cewa "ba mai fita sai an tashi tara" ce, yaro zai daina sha don kar ya jiƙa wando a yi masa dariya, daga nan sai asibiti.

Ni dai da ni ce, ta unguwa zan zaɓa in har banɗakin na shiguwa kuma malamar ta yarda da abu uku: gorar ruwansa na gefensa, ya fita duk sanda ya matsu, ba bulala ba tsallen kwaɗo ba tsayuwar rana a asambile. In ta fara kame-kame sai ki duba model ɗin da sharuɗɗan nan, ki haɗa masa da suwaita da hula da safa.

Kar ki je ranar da aka ce ki zo, ki faɗa musu ba zato wajen ƙarfe 10. Ki tafi da katinsa na asibiti ki nuna wa hedimasta, ki bar lambar waya biyu. Abinci kuma ki sako masa daga gida, ciyarwar tarayya 'yan aji 1 zuwa 3 aka tsara wa, ban da nazare.